Abin Wuyan Shanun Almu

Litinin, 8 ga Satumba, bayan la'asar

Na dawo gida Tambuwal daga Sakkwato a wata bas da ta tsaya a kowane ƙauye kamar mai rabon goron biki. Ƙugu na ciwo, kai na ciwo. Farfesa ya tara mu, mu 'yan fosdok ɗinsa, masu bincike bayan digirin dakta, ya ce a Oktoba za a san wanda jami'a za ta sabunta wa kwantiragi. Bai kalle ni ba, amma ya ce binciken da bai cika damina guda cur ba, takardarsa ba ta da ƙarfi. To wa ke aikin damina in ba ni ba? Sauran suna ɗakin gwaji cikin sanyin esi, wannan da injin tace ruwa, wancan da jinin masu sikila.

Ni nawa aikin a wuyan shanu yake. Abin wuya shida, kowanne da ɗan gilashin sola da wata ƙaramar fitila, suna aiko min da inda saniya take, in gan ta ɗigo a taswirar kwamfuta. Da haka za mu gane a wace fadama da wane burtali shanu ke kwasar kaska. Aiki ne mai amfani. Na rubuta haka ne don wani lokaci ina so in gan shi a rubuce.

Shanun na Almu ne, a rugarsu ta bayan Kebbe. Ubansa ya yi wa babanmu kiwo, shi kuma har yau yana riƙe da shanun Inna guda uku a cikin garkensa. Tare muka tashi, duk hutu a rugarsu nake yi, shi ya koya min tatsa.

Na tarar Maryama matarsa ta zo ta koma. Ta kawo wa Inna man shanu, ta bar saƙo wajen matata Khairiyya. "Almu ya ce a gaishe ka, ya ce shanu sun gaji da ado." Khairiyya ta faɗa min tana zagar zogale, ba ta ko ɗago ba. Na yi dariya na ce Bafillace da zaurance. Ita ba ta yi dariyar ba.

Talata, da hantsi

Ai Almu bai ce a'a ba.

Ran Babbar Sallah ne. Ya zo gai da Inna, yana zaune a ƙasa bakin ƙofar ɗakinta da ƙwaryar furarta a hannu, sai na kawo maganar ɗaura wa shanunsa abin wuyan. Ba ni na zaɓi wurin ba, wurin ne ya zo daidai. Ya dubi Inna, ya dubi ƙasa, ya ce, "Tau, Kaɗo, in don wanga na." Kaɗo, wato Bahaushe, haka yake kirana. Na ce sai kaka fa za a kwance, sai an gama girbi. Ya ce, "Sai kaka." Na sani, kowa a ƙasar nan ya sani, fulako, kunyar nan ta Fulani, ba ya barin Bafillace ya musa wa mutum a gaban uwar da ta ciyar da shi. Amma ni abin da aka koya min shi ne in tambaya, idan an amsa in ce an amsa. Ya kuma amsa.

Kusoshin abin wuyan ba sa kwantuwa sai da ɗan makullinsu, yana nan cikin aljihun jakata. Wuƙa mai kaifi za ta iya yanke maɗaurin, amma Almu ba zai sa wuƙa a kayan amana ba ko da shi za a yanka. A'uzu billahi, me ya kawo wannan a bakina.

Laraba, 10 ga wata, bayan azahar

Ɗigo huɗu sun ɓace daga taswira, biyun da suka rage batirinsu na ƙasa. Na yi ta kiran Almu tun safe, sai da rana ta take na same shi, ya hau tudun nan da suke samun sabis.

"Fitilar ga ce, Kaɗo. Da dare tana kyafta ido, mutane na magana. Sai nis sa baduku ya ɗinke su cikin fata kamar laya."

Na ce wace irin magana? Ya ce, "Maganar mutane dai."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Fitilar da solar a ƙarƙashin gilashi ɗaya suke, wanda ya ƙera abin bai taɓa kwana a ruga ba. Ka rufe ɗaya ka rufe duka, kuma in ba rana abin ya mutu, wahalar wata uku ta tashi a banza. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, har da muryar aji. Na ce ya farke ɗinkin, saura kaɗan. Saura wata ɗaya da rabi ne, amma idan aka gwada da abin da ya wuce ai kaɗan ne.

Ina jin kukan maraƙi ta bayansa. Sai ya ce, "Tau."

Juma'a, da yamma

Duka shidan sun dawo. Na yi hamdala da ƙarfi har Khairiyya ta leƙo ta ga ko lafiya.

Bayan masallaci na zauna a majalisar bakin shagon Sirajo mai maganin dabbobi. Hirar duk ta jirgin da aka ce ya yi wa mutanen daji, 'yan bindigar nan, ruwan wuta can gaba da Kebbe ce. Wani ya ce, "An ce akwai Bafillacen da shanunai ke da waya ga wuya, su ka kiran jirgi." Wani ya ce a'a, ɓarayin yake yi wa aiki, da fitilar suke gane hanya. Aka kasu biyu ana ta musu, kowa na rantsuwa da abin da bai gani ba. Jahilci dai ba kyau.

Sirajo ya san komai, shi ya raka ni ranar da muka ɗaura. Ya dube ni ta saman kantar shagon yana jira. Magana ɗaya ce, in ce nawa ne, na kaska ne, ba ruwansa da jirgi. Na duba agogo na ce ana jirana a gida.

Asabar, da safe

Mako ɗaya kawai in ƙara, sai in je in kwance.

Talata, 16 ga wata, da walaha

Inna ta kira ni ɗakinta. Tana jan carbi, ba ta ce in zauna ba.

"Siddiƙu, yaushe zaka kwance ma shanun mutane tarkacen ga?"

Na ce hanyar Kebbe ta lalace, Inna, ruwa ya cinye kwalbati, mota ba ta wucewa. Wannan gaskiya ne, kowa ya shaida.

Ta ce, "Maryama da fiffike taz zo?"

Ta ce ita ba ta yi boko ba, amma ta san in Bafillace ya aiko mata da saƙo har biyu a wata ɗaya, ba nono ya yi masa yawa ba. Ashe akwai saƙo na biyu da ban ji ba. Ban tambayi abin da ya ƙunsa ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Inna ba ta san abin da ake kira zaman kashe wando da digiri uku ba. Shekara biyu na yi a benci a shagon Sirajo, yara na wucewa suna "Dakta, ina kwana," manya na dariya ƙasa-ƙasa. Wannan fosdok ɗin sai da na nema sau uku. Ba zan koma bencin nan ba. Wallahi ba zan koma ba.

Alhamis, bayan azahar

Na nuna wa Farfesa taswirar ta waya. Ya ce ma sha Allahu, bai taɓa ganin zirga-zirgar garke ta fito tsaf haka ba. Da na ga ransa fari sai na ɗan taɓo maganar, na ce akwai 'yan surutai a wajen.

Na so ya ce min a'a. Na so ya daka min tsawa ya ce kayan masu tallafi ne, kada in kuskura in taɓa. Da na samu wanda zan ɗora wa. Sai bawan Allahn nan ya ce, "Siddiƙ, kai ne a wurin, ka fi ni sani. Idan akwai haɗari ga mutumin, ka cire yau ɗin nan. Takarda ba ta kai rai ba." Sannan ya ƙara da cewa, ba shakka da za a kai ƙarshen wata da ya fi.

Na ce masa ba wani haɗari, surutun majalisa ne.

Juma'a, da hantsi

Ƙarshen wata ba nisa. Kuma ai Almu bai ce a'a ba.

Litinin, 22 ga wata, da azahar

Shanu ba sa tafiya haka. Wata uku ina kallonsu, na san su fiye da tafin hannuna: da hantsi su gangara fadama, rana ta yi zafi su taru gindin itatuwa, da yamma su juyo. Yau tun safe ɗigon shida suna bin layi ɗaya, miƙe, ba kiwo, ba tsayawa shan ruwa, sun ratsa rafi sun nufi dajin da ko mafarauta sun daina shiga.

Wayar Almu a kashe. Ta Maryama a kashe.

Wataƙila sauya mashekari ya yi. Makiyaya na yin haka.

Litinin ɗin dai, bayan magariba

Ba sauya mashekari ba ne.

Talata, da la'asar

Ardo Isah, shugaban rugagen wajen, ya aiko ɗan kabu-kabu da saƙon baki, don ya ce ba maganar waya ba ce. Mutanen daji sun tafi da Almu da garken duka. Ba su taɓa mata da yara ba. Sun ce mai abin ya zo da kansa ya kwance, ya faɗi ko mene ne.

A tsakar gida aka faɗa, gaban Inna. Ta yi salati sau ɗaya, ta miƙe ta shiga ɗaki ta saki labule. Khairiyya ta ɗauko jakata ta ajiye min a gabana.

Laraba, 24 ga wata, Kebbe, bayan la'asar

Hanyar ta wuce yadda na faɗa wa Inna muni, amma ana wucewa. Inda laka ta yi yawa sai in sauka mu tura mashin. Na ga mata da ƙorai a ka suna ratsawa da ƙafa, zane a ɗage zuwa gwiwa.

Ardo ya kwaso iyalan rugar ya kawo su wani gida bayan kara, kasuwar dabbobi. Tsoho ne siriri, ido ɗaya ya yi fari. Na faɗa masa na zo, ga makulli, a kai ni. Na faɗa da ƙarfi don waɗanda ke zaure su ji.

Ya dube ni tun daga tabarau har takalmi. Ya ce, "Kai, Dakta ɗungurungum? In ka shiga ba ka fitowa, mu ƙara samun na biyu. Ni sun san ni, wasu na ga haihuwarsu. Kawo abin, gwada mani yadda aka yi."

Na so in yi musu. Na ma buɗe baki. Amma hannuna ya riga bakina, kafin in ce wani abu makullin har ya isa tafinsa. Na gwada masa a kan wata kusa, ya juya sau biyu ya iya. Na ji wani sanyi ya sauko min har ƙafa, irin na wanda aka sauke wa kaya, kuma na tabbata ya ga haka a fuskata.

Da zan fita Maryama ta fito daga cikin gida, goyo a baya. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi Inna, ta tambayi Khairiyya, ta ce ya hanya. Da zagina ta yi da na samu abin riƙewa.

Juma'a, da safe

Ɗigon suna wuri ɗaya tun shekaranjiya, gefen wani dutse. Ina iya ganin inda suke kwana da inda suke shayarwa. Wato abin da ake faɗa a majalisa, wanda na kira jahilci, yau ya zama gaskiya: duk Tambuwal ni kaɗai na san inda mutanen nan suke. In na kai wa hukuma, Almu na tsakiyarsu. In na yi shiru, na yi shiru ke nan a kan masu kashe mutane.

Na rufe kwamfutar na tura ta ƙarƙashin gado. Rufewa ba ta hana abin aikowa, yana can yana tarawa.

Ban je majalisa ba. A sahun baya na yi salla, na fita kafin a shafa.

Lahadi, 28 ga wata, da hantsi

Inna ba ta yi min magana ba tun Talata. Ina gaishe ta, ta amsa wa bango. Ta sa an yi waina an raba sadaka, da yaran suka tambayi na mene ne ta ce na ɗanta ne da ke daji.

Yau kuma Khairiyya. Ta same ni durƙushe ina jawo kwamfutar. Ta ce, "Ka san abin da ya fi ci mani rai? Kullum kahin ka gai da Inna sai ka buɗe abin ga. Ni dai ban sani ba, Almu kaka dubi ko batir."

Na tashi mata. Na ce abincin da take ci daga ina yake fitowa, na ce wa ya sha gorin dangi lokacin da nake zaune, na ce abubuwa da yawa da ba sai na rubuta ba. Ta bar ni na gama tas, ta ce, "Ban ji amsa ba," ta ɗauki tulunta ta fita.

Na mayar da kwamfutar ƙarƙashin gado.

Talata, bayan azahar

Ɗigo ɗaya ya mutu. Can an jima na biyu. Kafin la'asar duka shidan sun ɗauke, ba irin mutuwar batir ba, ɗif lokaci guda kamar an taka. Wato Ardo ya isa, an kwance, an farfasa.

Yanzu ba na ganin komai. Ashe ganin ma rahama ne.

Laraba, da yamma

Ba labari.

Alhamis

Ba labari. An yi iska ba ruwa. Manoma na cewa damina ta yi sallama da wuri bana.

Juma'a, 3 ga Oktoba, da la'asar

Farfesa ya kira. Na gaya masa abin wuyan sun salwanta, na gaya masa yadda aka yi, ko in ce rabin yadda aka yi. Ya yi salati, ya tambayi sunan makiyayin, ya ce zai sa a yi addu'a, ya ce in akwai abin da zai iya yi in faɗa. Mutumin kirki ne, wannan ma wani abin haushin ne.

Sannan ya ce, ba lokacin faɗa ba ne amma gara in sani. Tunda ruwa ya ɗauke da wuri, abin da muka tara ya rufe damina kusan duka. Ya nuna wa kwamiti. Sun ƙara min shekara biyu.

Na ce na gode, Farfesa. Khairiyya na bakin ƙofa, ta ji komai. Ta ce, "Allah shi sa albarka," ta koma wajen wankinta.

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan la'asar

Ya dawo.

Da hantsi muka ji kukan shanu a ƙofar gida, abin da rabon unguwar nan da ji tun babanmu na da rai. Na fita ba takalmi. Almu ne, da Maryama a bayansa, da shanun Inna uku. Da ƙafa suka taho daga Kebbe. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, yana jan ƙafar hagu, hannunsa ɗaya naɗe da tsumma. Ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba.

Inna ta fito ba mayafi, ta riƙe kansa da hannu biyu tana kuka, tana "ɗana, ɗana." Shi kuma yana ta sunkuyar da kai yana cewa, "Lafiya lau, Inna, ba komi."

Maryama ce ta faɗa wa Khairiyya a madafa, Khairiyya ta faɗa min a tsaye. Da Ardo ya kwance abin ya rantse musu da Alƙur'ani na kaska ne, sun yarda su sake shi, amma ban da garken. Ardo ya yi ta roƙo, ya ce mutum da iyali ba a sallamarsa da sanda kawai. Suka ce to ya zaɓi uku ya yi gaba. Garken da ubansa ya bar masa, da wanda ya tara da kansa shekara ashirin, duk suna tsaye a gabansa. Ya zaɓi na Inna.

Inna ta ce ya koma da su, nasa ne halak malak, ta yafe duniya da lahira. Ya ce a'a. Yau na fara jin Almu ya ce a'a a gidan nan. Ya ce ƙasar ba ta zaunuwa gare shi yanzu, na daji na kallonsa, na gari na kallonsa, za su bi dangin Maryama can kudu ya yi wa wani kiwo. Ya ce bai so ya tafi da kayan amana a hannu ba.

Na raka shi bakin titi inda za su hau mota. Tun daga gida nake haɗa maganar da zan faɗa, na juya ta ta nan na juya ta ta can, ba wadda ta fito. Muna tsaye, kwandasta na kiran fasinja, sai shi ya juyo.

"Aikin naka fa? Sun fasa abin tun ba a kai kaka ba. Na ce masu na amana na, ba su ji ba. Ka yi haƙuri."

Na ce haba Almu. Na ce haba.

Ya ce, "A'a, gaya mani. An samu abin da aka nema?"

Ina ma na iya ƙarya a wannan karon. Ya tsare ni da ido, da gaske yake tambaya, so yake ya sani. Na ce an samu. Na ce har sun ƙara min shekara biyu.

Fuskarsa ta saki. Ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya ya girgiza.

"Tau madalla," ya ce. "Ashe ba a yi hasara ba."